Tambaya: wai ya Rumawan dauri suka ɗauki Annabi Isa (AS) ne?

Ɗan Kurmi ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Don Allah masu ilimin tarihi a cikinku ku warware min wani abu da ya ɗaure min kai tun satin da ya wuce. Malaminmu na tsakanin magariba da isha'i ya kawo kan Suratur Rum, ya ce lokacin da Farisawa suka ci Rumawa da yaƙi Musulman Makka ba su ji daɗi ba saboda su Rumawa Ahlul Kitabi ne masu bin Annabi Isa (AS), su kuma mushrikai suka yi ta murna. To washegari ina shago muna hira da maƙwabcina tela, Kirista ne, shekara tara ke nan muna ƙofa da ƙofa, sai na kawo masa maganar, na ce ashe ku da Rumawa abu ɗaya ne tun asali. Mutumin nan ya tsayar da keken ɗinki ya cire tabarau ya dube ni ya ce, Alhaji ai Rumawan nan su ne suka riƙa jefa wa zakuna Kiristoci, kuma a littafinmu gwamnan Rum ne ya yanke wa Yesu hukunci da bakinsa.

Ni dai na yi shiru don bana son gardamar addini da maƙwabci, amma abin ya tsaya min a rai. Malam ba zai faɗi abin da bai karanta ba, telan nan kuma tunda nake da shi ban taɓa kama shi da ƙarya ba. To wanne ne? Kuma su Rumawan da kansu, ba abin da Musulmi ko Kirista suka faɗa a kansu ba, su da alƙalaminsu me suka rubuta game da shi? Annabi suka ɗauke shi, ko malami, ko ɗan tawaye? Na gode.

Malamin Tarihi ya amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Daga malaminka har telan babu wanda ya faɗi ba daidai ba, zamani ne ya raba maganganunsu, kuma ba ƙaramin zamani ba, kusan shekara 600. Rumawan Suratur Rum su ne na zamanin Hiraƙlu wanda ya hau mulki a 610 miladiyya, fadarsu ma ba a birnin Rum na Italiya take ba, tana Kustantiniyya wato Istanbul ta yau, kuma a lokacin wajen shekara 300 ke nan tun da sarkinsu Kustantin ya karkata zuwa Kiristanci. Rumawan da telanka yake nufi kakannin kakanninsu ne, masu gumaka barkatai, waɗanda har sarakunansu in sun mutu majalisa take zama ta ɗaga su zuwa matsayin alloli.

Amsar tambayarka kuwa, da farko ko sanin da zamansa ba su yi ba. Yahudiya ɗan ƙaramin lardi ne can a gefen daula, ba a tura manyan 'yan majalisa su riƙe shi sai masu matsakaicin muƙami irin su Bilatus, gwamnan da telanka yake nufi, wanda ya yi gwamna daga shekara ta 26 zuwa 36. Shi Bilatus tabbas an yi shi, a 1961 an tono wani dutse a Kaisariya bakin teku ɗauke da sunansa da muƙaminsa. Amma babu wata takardar Rumawa ta zamanin rayuwar Annabi Isa da ta iso mana wadda ta ambace shi, ko layi ɗaya. Sai da mabiyansa suka yi yawa har suka fara zama matsala sannan sunan ya shiga rubutunsu.

Wanda ya fi kowa fitowa fili shi ne Tasitus, ɗan majalisa kuma babban marubucin tarihinsu, ya yi rubutun wajen 116. Shi ma ba labarin Almasihu ya ɗauko ba, labarin gobarar birnin Rum ta watan Yuli 64 yake bayarwa. Birnin unguwa 14 ne, uku suka ƙone ƙurmus, bakwai suka lalace sosai, huɗu kawai suka tsira, sai jita-jita ta bazu cewa sarki Nero ne ya sa aka cinna wutar. Don ya wanke kansa sai ya shafa wa Kiristoci kashin kaji. A nan ne Tasitus ya ɗan tsaya ya yi wa mai karatu bayanin su wane ne waɗannan mutane, ya ce sunan ya samo asali daga Kiristus wanda Bilatus ya yanke wa hukuncin kisa a zamanin mulkin sarki Tibariyas, aka danne wannan mugun camfi na ɗan lokaci sai ya sake ɓarkewa, ba a Yahudiya kaɗai ba har a birnin Rum inda a cewarsa duk wani abin ƙyama da abin kunya na duniya yake kwararowa ya samu masoya. Shi ke nan fa, jimla ɗaya ce rak a kan mutumin. Bai ce ya koyar da kaza ba, bai ce ya yi mu'ujiza ko bai yi ba, a idonsa wani ɗan lardi ne da hukuma ta kashe kuma mabiyansa suka ƙi watsewa. Ka lura da kalmar da ya zaɓa, bai kira abin addini ba, camfi ya ce, domin a wajensu addini shi ne abin da aka gada kaka da kakanni kuma hukuma ta san da shi. Duk da ƙyamar da yake musu ya faɗi irin azabar da aka gana musu, ana lulluɓa musu fatun dabbobi karnuka su yayyage su, wasu a gicciye, wasu a cinna musu wuta da daddare su zama fitilu a lambun Nero, har ya ce mutane suka fara jin tausayinsu don sun ga ba don amfanin jama'a ake kashe su ba sai don muguntar mutum ɗaya.

Na biyu abokinsa ne, Filini ƙarami, gwamnan Bitiniya a arewacin Turkiyya ta yau, wajen 112. Wannan wasiƙar ni ta fi burge ni don kamar kana zaune a kotun kana kallo. Ya rubuta wa sarki Tirajan ya ce bai taɓa halartar shari'ar Kiristoci ba, yana neman a haska masa, sunan kawai ne laifi ko sai an kama mutum da wani aikin assha? Sai ya faɗi yadda yake yi kafin amsa ta zo. In an kawo mutum sai ya tambaye shi kai Kirista ne? In ya ce e sai ya sake tambaya, ya sake ta uku da barazana, in ya kafe sai a tafi da shi a kashe, don a ganinsa ko me mutum ya yi imani da shi taurin kan nan kaɗai ya isa hukunci. Wanda ya ce shi ba Kirista ba ne kuma sai a jarraba shi, a kawo gumaka da mutum-mutumin sarki cikin kotu, ya roƙi alloli, ya miƙa turare da giya, sannan ya zagi Almasihu. Filini ya ce an gaya masa Kirista na gaskiya ba a iya tilasta shi ya yi ko ɗaya daga ciki.

Waɗanda suka ce sun bar addinin suka gaya masa iyakar laifinsu shi ne suna haɗuwa a wata rana ƙayyadaddiya kafin gari ya waye, su rera waƙa ga Almasihu kamar ga wani allah, su yi rantsuwa ba za su yi sata ko fashi ko zina ba, ba za su ci amana ba, ba za su musanta ajiya ba in mai ita ya zo karɓa, daga baya su sake haɗuwa su ci abinci irin na kowa. Bai gamsu ba ya sa aka azabtar da wasu bayi mata biyu masu hidima a cikinsu, ya ce bai samu komai ba sai gurɓataccen camfi da ya wuce gona da iri. Ainihin abin da ya dame shi yana ƙarshen wasiƙar, gidajen gumaka sun kusa zama kufai, naman hadaya kuma ya yi kwantai ba mai saye. Tirajan ya amsa a taƙaice, kar a bi su gida-gida ana farauta, in an kawo ƙara an tabbatar a hukunta, wanda ya tuba ya bauta wa alloli a yafe masa, takardar ƙara marar sa hannu kuma kar a kula ta.

Akwai kuma Suwetoniyus, wani marubucin tarihin sarakunansu, da ya ce sarki Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga Rum saboda tarzomar da suke yi bisa zugar wani Kirestus. Masana da yawa na ganin Almasihu yake nufi ya kuskure sunan har ya zaci mutumin yana cikin garin, wasu kuma sun ce wani ne daban don sunan ya yawaita a tsakanin bayi.

'Yar Kafanchan ta amsa:

Sannunku da hira. Ni Kirista ce, kuma Baba Malam na gode da yadda ka kawo maganar ba son rai. Alhaji ka gaida min telanka, gaskiya ya gaya maka. Bari in ƙara abin da yake cikin littafinmu don ya yi daidai da abin da Malam ya ce na cewa abin ko a jikinsu. A Ayyukan Manzanni sura 25 akwai gwamna Fastus, an bar masa Bulus, babban mai wa'azin Kiristanci, a tsare, yana yi wa sarki Agaribas bayanin shari'ar sai ya ce shi bai ga wani babban laifi ba, gardama ce kawai a kan addininsu da kuma wani wai shi Yesu wanda ya mutu amma Bulus ya dage yana da rai. Wani wai shi Yesu! Duk lokacin da na karanta wurin nan sai jikina ya yi sanyi, abin da muka ɗora rayuwarmu gaba ɗaya a kai shi a wajensa wata 'yar gardamar 'yan lardi ce da ta cika masa tebur. Ko allon da aka kafa a kan gicciyen, Yesu Banazare Sarkin Yahudawa, wannan ai takardar tuhuma ce, laifin da Baroma ya gane ke nan, wani ya kira kansa sarki ba da izinin Kaisar, wato sarkin Rum, ba.

Abin da mutane ba sa ganewa yau shi ne gicciye a zamanin nan ba ado ba ne da ake ratayawa a wuya, hukuncin bayi ne da 'yan fashi da 'yan tawaye, a tuɓe mutum a kafa shi bakin hanya kowa ya gani ya ji tsoro. Bayan tawayen bayi na Sifatakus shekara 71 kafin haihuwar Yesu, mutum dubu shida aka jera a kan gicciye a hanyar da ta shiga Rum. Sisero babban lauyansu cewa ya yi ko sunan gicciye bai kamata ya kusanci tunanin ɗan ƙasar Rum ko idonsa ko kunnensa ba. To ka zo ka ce wa irin wannan mutumin wanda aka rataye a kan itacen nan shi ne Ubangiji, ai gani zai yi ka zautu. Shi ya sa Bulus ya rubuta wa mutanen Koranti cewa wa'azin gicciye abin tuntuɓe ne ga Yahudawa, ga al'ummai kuma wauta.

Akwai wani zane da na gani hotonsa, an gano shi a 1857 a bangon wani tsohon gini a tudun Falatin cikin Rum, ana kyautata zaton na wajen shekara ta 200 ne. Wani ne ya kankare shafen bango da abu mai tsini, irin yadda yara ke yi a bangon aji. Ya zana mutum a kan gicciye amma da kan jaki, a gefe ga wani saurayi tsaye ya ɗaga hannu ɗaya sama, a ƙasa da rubutun Girkanci karkatacce an rubuta Alezamenos yana bauta wa allahnsa. Na daɗe ina kallon hoton nan wallahi, ba kan jakin ne ya tsaya min ba, yaron ne, kullum sai ya wuce ta gaban bangon nan abokan zamansa suna dariya. Kuma abin mamaki zanen yana cikin mafi tsufan hotunan gicciyen Yesu da ake da su a duniya, wanda ya yi shi kuma don izgili ya yi.

Autan Mama ya amsa:

Malam to ya maganar wasiƙar nan da ke yawo a WhatsApp fa, wai wani gwamnan Rum ya rubuta wa majalisa yana siffanta Annabi Isa, dogo ne kyakkyawa gashinsa ya sauko kafaɗa an raba shi a tsakiya, ba a taɓa ganin yana dariya ba amma an sha ganin yana kuka? Yayata ta turo min har da fassarar Hausa, in gaskiya ce ai ka ga akwai Rumawan da suka girmama shi tun yana raye.

Malamin Tarihi ya amsa:

Auta wannan ba ingantacciya ba ce, kar ka ƙara tura ta gaba. Wasiƙar Lentulus ake ce mata, kuma a jerin gwamnonin Yahudiya babu mai wannan sunan, ga shi ba a san ta ba sai can wajen ƙarni na 15 a Italiya, sama da shekara dubu bayan abin da take iƙirarin ta gani da ido. Siffar da ke ciki ma siffar zanen coci-coci ce ta Turai, wani ne ya kalli zane ya mayar da shi wasiƙa.

Irinta suna da yawa. Tun wajen 197 Tatuliyan, wani marubuci Kirista ɗan Kartaj a Tunisiya ta yau, ya ce wai Bilatus ya aika rahoto ga Tibariyas shi kuma ya nemi majalisa ta saka Almasihu cikin alloli suka ƙi. Masana tarihi ba su karɓi wannan ba, babu wani Baroma da ya faɗa, kuma bai yi kama da halin Tibariyas ba. Akwai kuma labarin cewa sarki Iskandar Seberus wanda ya yi mulki daga 222 zuwa 235 yana da ɗakin ibada a fadarsa da siffofin Almasihu da Ibrahim da wasu mutanen kirki na Girkawa. Littafin da ya kawo labarin an san shi da ƙirƙire-ƙirƙire kuma an rubuta shi fiye da shekara ɗari bayan mutuwar sarkin, amma ko ba komai ya nuna maka iyakar girmamawar da mai bautar gumaka zai iya yi, ya ƙara shi a kan kanta kusa da sauran.

Almajirin Zaure ya amsa:

Jazakallahu khairan Malam. Ni abu ɗaya zan ja hankalin 'yan'uwa Musulmi a kai, don na san wani zai karanta maganar Tasitus ya rikice. Mu aƙidarmu a fili take a Suratun Nisa'i aya ta 157 da ta 158, ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba, an dai kamanta musu ne, Allah Ya ɗauke shi zuwa gare Shi. Ayar da kanta ta nuna mutanen wancan lokacin sun tafi a kan cewa sun kashe shi, to Baroman da ya zo bayan shekara tamanin da wani abu ya rubuta abin da aka sani a garinsu ba abin mamaki ba ne. 'Yar'uwa ta Kafanchan ku kun yi imani an gicciye shi ya tashi, mu mun yi imani ba a gicciye shi ba, wannan saɓani ne na gaske ba zan ɓoye shi ba kuma na san ke ma ba za ki ɓoye ba. Amma da na karanta batun kan jakin nan raina ya ɓaci sosai, domin ɗan Maryam ne ake wa wannan cin mutunci, kuma Musulmi ba ya cika Musulmi sai ya yi imani da shi ya girmama shi.

Alhaji game da Suratur Rum kuma, Farisawa sun ƙwace Ƙudus a 614, Hiraƙlu ya juyo da yaƙin daga 622 har ya karya su kusa da Ninawa a 627. Shi ne kuma wanda ya titsiye Abu Sufyan da tambayoyi a kan Manzon Allah (SAW) a hadisin farko-farkon Bukhari.

Mai Karatun Dare ya amsa:

Ina wuni Malam, ina wuni jama'a. Ina so in cike wani gurbi, don Tasitus da Filini mabiyan suka kalla, wanda ya fara zama ya karanta labarin Yesu kansa don ya rushe shi Kelsus ne, wani masanin falsafa wajen 178. Littafinsa ya ɓace, amma Orijin, malamin Kirista na Iskandariya, ya yi masa raddi wajen 248 yana kawo maganarsa gaɓa-gaɓa kafin ya amsa, ta haka aka samu kaso mai yawa na littafin. Abin lura shi ne Kelsus bai musanta cewa Yesu ya yi abubuwan al'ajabi ba, cewa ya yi sihiri ne ya koyo a Masar lokacin da ya je ƙwadago, kuma irin wannan masu rufa-ido na kasuwa ma suna yi a ba su 'yan kuɗi. Ya yi wa Maryam ƙazafi mummuna wanda ba zan maimaita ba, ya ce almajiran 'yan tsirarun masu karɓar haraji ne da matuƙan jirgin ruwa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne wai masu yaɗa abin masaƙa ne da dukawa da masu wanki, a gaban maigida ba sa iya buɗe baki amma da sun keɓe da yara da mata sai su ce kar ku saurari ubanku da malaminku mu muka san hanya. Girman kai ne na masu ilimi da dukiya, abin da ya fito daga hannun talaka ba zai zama gaskiya ba. Lusiyan mai rubutun barkwanci ma a zamanin ya kira shi masanin da aka gicciye a Falasɗinu, ya ce ya shawo kan mabiyansa cewa dukansu 'yan'uwan juna ne shi ya sa kowane ɗan damfara yake iya shiga cikinsu ya yi arziki.

Amma ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Galen babban likitan nan wanda Larabawa ke kira Jalinus ya soki Kiristoci da karɓar magana ba hujja, amma ya yaba musu rashin tsoron mutuwa da kame kai, ya ce wasunsu ba su gaza masana falsafa na gaske ba. Daga baya da Kiristoci suka yi yawa sai salon ya canza, aka fara raba Yesu da mabiyansa. Forfiri, masanin falsafa wanda ya rubuta littafi 15 a kan sukar Kiristanci, har sarakunan Kirista suka sa aka ƙone su a 448, shi ne kuma ya kawo cewa allolinsu sun shaida Almasihu mutum ne mai tsoron Allah wanda ransa ya dawwama, kuskuren na masu bauta masa ne. Agustin, malamin Kirista da aka haifa a inda take Aljeriya a yau, shi ne ya adana mana maganar yana mayar da martani.

Na ƙarshensu sarki Juliyan, ɗan gidan Kustantin, an rene shi a Kiristanci ya fita ya koma gumaka, ya yi mulki daga 361 zuwa 363 kacal. Ba ya ce musu Kiristoci sai Galilawa, wato mutanen Galili yankin da Yesu ya tashi, don ya tuna musu cewa abin nasu daga ƙauye ya fito. Amma a wasiƙarsa ga wani babban limamin gumaka ya koka cewa abin kunya ne Galilawan nan suna ciyar da matalautansu har da namu, ya ba da umarni a buɗe gidajen baƙi a raba hatsi don a yi gogayya da su.

Ɗan Kurmi ya amsa:

Kai, Allah Ya saka muku da alheri gaba ɗaya, 'yar'uwa saƙonki zai isa gobe da safe in sha Allah. Malam saura ɗaya, tunda ka ce gumakansu barkatai ne kowa da nasa, me ya hana su bar Kiristoci da nasu kamar yadda suka bar Yahudawa? Me ya kawo kisa?

Malamin Tarihi ya amsa:

Alhaji su ba ruwansu da abin da ke zuciyarka, hadaya suke so su gani. A tunaninsu zaman lafiyar daula yarjejeniya ce tsakaninta da alloli, ana ba su haƙƙinsu su kuma suna tsare gari, to wanda ya ƙi zuba turare ya jawo wa kowa fushi ke nan, shi ya sa har marasa allah suke kiran Kiristoci. Yahudawa an ɗaga musu ƙafa saboda nasu tsohon gado ne, kuma kafin a rushe Haikalin Ƙudus a shekara ta 70 ana yin hadaya a can kullum domin lafiyar Kaisar. Kirista kuwa jiya-jiya tare kuke zuwa gidan gunki, yau ya ce duk ƙarya ne, kuma ya bar na kakanninsa ne saboda mutumin da gwamnan Rum ya hukunta. Tatuliyan ya faɗi yadda abin yake a titi, in kogin Tiba na birnin Rum ya yi ambaliya, in Nilu bai kawo ruwa gonaki ba, in an yi fari ko girgizar ƙasa ko yunwa ko annoba, nan take sai ihu a kai Kiristoci wa zaki.

Amma kar a ɗauka kullum ake kisan, yawanci nan da can ne in gari ya rikice ko wani ya kai ƙara. Na faɗin daula gaba ɗaya ya fara ne a 250 lokacin da sarki Desiyus ya ce kowa sai ya yi hadaya ya karɓi takardar shaida, an tono irin takardun nan fiye da arba'in a Masar da sa hannun jami'an da suka shaida. Mafi tsanani ya fara a 303 zamanin sarki Diyokiletiyan, aka rushe coci-coci aka ƙone littattafai. Shekara goma bayan nan a 313 aka yi yarjejeniyar Milan ta 'yancin addini, Kustantin ya hana hukuncin gicciye, a 380 kuma sarki Tiyodosiyus ya mayar da Kiristanci addinin daula. Daga nan ne layin ya miƙe har zuwa Rumawan da malaminku ya karanta muku tsakanin magariba da isha'i.